Ranar da Kasuwa Ta Manta da Habibu

Sharaɗi ɗaya tak Alhaji Modu ya gindaya wa Habibu, kuma a tsaye ya faɗe shi, ko tabarma bai bari an shimfiɗa ba. Ya ce shi ba ya ba baƙo 'ya. In da gaske Habibu yake son Zuwaira, to ya je ya zama ɗan Nijar a rubuce, da hatimin hukuma, sannan ya dawo a yi magana.

Habibu dai Bakano ne, ɗan Fagge, mai shagon kuloli da robobi a Kasuwar Dole. Shekararsa goma sha ɗaya a Damagaram. Bakinsa ma ya juya, in ya je gida sallah ƙannensa har dariya suke yi masa in ya ce lakwal maimakon makaranta. A lungu ɗaya yake haya da gidan Alhaji a unguwar Birni, masallaci ɗaya suke sallah. Duk wannan a wurin Alhaji bai kai komai ba.

Amma kada a ɗora wa tsohon laifi da yawa. Babbar 'yarsa Bintu wani ɗan kasuwa ne ya aure ta, ya rantse a nan zai zauna, ko shekara ba a rufa ba ya kwashe ta ya yi Ikko da ita. Jikokinsa uku suna can, bai taɓa ɗora ko ɗaya a cinyarsa ba. Sai dai a nuna masa su a waya suna tsalle suna wani yare da ba ya ji, ya yi murmushi, in an kashe wayar ya shige ɗaka ya daɗe bai fito ba. Zuwaira ce kaɗai ta rage masa, kuma ya sha alwashin ba za a sake yi masa irin ta farko ba.

Ita kuwa Zuwaira ba yarinya ba ce da za a ja da igiya. Ungozoma ce a asibitin Gidimuni, sai ƙarshen mako take zuwa gida. Ta faɗa wa kowa matsayarta ba ɓoye-ɓoye: ba za ta yi aure ba da albarkar mahaifinta ba, kuma ba za ta auri wani ba in ba Habibu ba. Uwarta Ya Aisa ta taɓa tuna wa Alhaji cewa kakansa a kan jaki ya shigo garin nan daga Kukawa, ba wanda ya tambaye shi ko guntuwar takarda. Alhaji ya ce wancan zamani mutane na da alkawari, ya ɗauki butarsa ya fice.

Sai kuma Alkasum, ɗan ƙanwar Alhaji, ma'aikacin wani biro, wato ofis, a cikin gari. Tun Zuwaira na lakwal yake son ta, ita kuwa tun tana lakwal take kauce masa. Tun da ya ji sharaɗin kawunsa ya samu sabuwar ɗabi'a. Duk inda ya ci karo da Habibu sai ya zaro katinsa na ɗan ƙasa daga aljihun gaba, ya hure shi, ya goge da hannun riga, ya mayar. Wani lokacin har fifita yake yi da shi, kati ɗan mitsitsi da ko ƙuda ba zai kora ba.

Habibu ya haɗiye duk wannan, ya shiga neman takardu. Ya sabunta takardar zama. Ya je Kano ya tono ta haihuwa a ƙasan akwatin mahaifiyarsa. Ya samo shaidar cewa ba a taɓa ɗaure shi ba, da ta likita cewa lafiyarsa lau. Hoto kuwa ya ɗauka har mai hoton ya fara tambayarsa ko takara zai tsaya. Ranar da ya miƙa dosiyensa, wato fayil ɗin takardun, aka shaida masa cewa shekara goman da doka ke nema ya cika su, saura abu guda: anket, wato binciken hali. Za a turo mutum ba tare da sanarwa ba, ya zaga ya tambayi jama'a ko da gaske a nan yake zaune, kuma wane irin mutum ne. In rahoto ya yi kyau, dosiye ya wuce Yamai. In ya ɓaci, an rufe.

Da labarin ya kai kunnen Alhaji, sai ya ce madalla, hukuma ta hutar da shi. In anket ta wanke yaron, zai saurare shi. In ta kayar da shi, magana ta mutu, kuma dangin Alkasum su kawo gaisuwa.

Zuwaira ta ja wa Habibu kunne ya sanar da maƙwabtansa na gida da na kasuwa, don kowa ya san abin da zai ce. Ya ce to. Ya sake cewa to. Bai faɗa wa kowa ba.

Dalili? Kunya. Layinsu a kasuwa kusan duk Kanawa ne, kuma bakinsu ba ya da linzami. Nura mai takalma, wanda shagonsa ke jingine da nasa, in ya ji cewa ɗan Fagge zai sauya ƙasa saboda mace, to Habibu ya shiga uku, har jikokinsa sai an yi musu waƙa. Ya ce a ransa ai ba sai an yi shela ba. Duk wanda aka tambaya gaskiya zai faɗa, gaskiyar kuwa tana bayansa.

Abin da ya manta, kuma shi ne bai kamata ya manta ba, layin nan yana da doka tasa da ba a rubuta ba. In baƙon fuska ya shigo da takalmi sau-ciki da kaye, wato littafin rubutu, a hammata, yana tambayar wane, to babu wanda ya san wane. Ko uwarku ɗaya. Yau duwan ne, wato 'yan kwastan, gobe masu haraji, jibi wanda aka yi rikici da shi a kan kaya, saboda haka tun zamanin iyaye aka tsaya a kan amsa guda. Da ita ake auna amana a layin. Shi kansa Habibu ya sha rantsewa bai taɓa jin sunan Nura ba, alhali Nura na kwance a ƙarƙashin teburinsa.

Wata Juma'a da hantsi sai ga wani siririn mutum ya shigo layin, da kaftani ruwan toka, da takalmi sau-ciki, da kaye a hammata. Sunansa Mushe Yunusa, wato Malam Yunusa da bakin Faransanci, amma a lokacin ba wanda ya sani, ba kuma wanda ya tambaya. Ya tsaya wurin mai shayin bakin layi, wanda Habibu ke karyawa a teburinsa tun zuwansa garin, ya tambaye shi ko ya san wani Habibu mai kuloli.

Mai shayi ya ɗaga kai sama kamar mai neman wata, ya ce a gaskiya sunan bai yi masa kama da na kowa ba.

Kafin mutumin ya yi taku goma labari ya riga shi. Nura ya leƙo ta saman tarin takalma, ya ce wa Habibu da raɗa ana nemansa, mai kaye ne, ya yi ta kansa.

Habibu ya waiga ya dubi kayansa. Akwai kuloli a bayan shago da takardarsu ta duwan take hanya, kamar yadda takardar kowa a layin take hanya. Anket kuwa ko kusa ba ta zo masa a rai ba. Shi a tunaninsa mai anket da kaki zai zo, da mota, watakila har da jiniya. Ya yunƙura zai fice ta baya, buhun robobi ya tare hanya. Yana juyowa suka yi ido huɗu da mutumin.

Mushe Yunusa ya yi sallama a natse, ya tambaya ko nan ne shagon Habibu.

"Wane Habibu?" in ji Habibu.

Mutumin ya duba kayensa, ya ce Habibu ɗan Kano, mai kuloli.

Habibu ya dubi kulolin da suka kewaye shi har rufi, ya ga musun ba zai yi nisa ba, sai ya sassauta. Ya ce au, wannan. Ai shi jiran shago kawai yake yi masa, bai ma san shi sosai ba. Da aka tambaye shi ko mai shagon a garin nan yake zaune, sai basira ta zo masa, irin basirar da gara a ce ba ta zo ba.

"Ina fa. Baƙo ne. Zuwa yake yi ya sauke kaya ya koma Kano. Ko wata guda bai taɓa yi a jere a garin nan ba."

Mushe Yunusa ya rubuta wannan tsaf, ya yi godiya. Ya matsa wurin Nura, Nura ya ce shi sabon zuwa ne. Ya bi layin har ƙarshe, bai samu mutum ɗaya da ya taɓa jin sunan ba. Yana fita layin ya kaure da shewa. Aka yi ta dukan kafaɗar Habibu ana yaba masa, Nura ya ce wallahi ko shi da ya san shi sai da ya fara shakka. Habibu ya saya wa kowa shayi, bakinsa har kunne.

Da la'asar ya koma gida. Tun da Alhaji ya hana shi tsayuwa a ƙofarsa, a tsakar gidan Inna Asma'u, mai gidan da yake haya, suke ɗan gaisawa da Zuwaira in ta zo hutu, da sanin Ya Aisa, Inna Asma'u na zaune tana tsinkar zogale tana yi musu gadi. Ya tarar Zuwaira ta riga shi, Inna Asma'u na ba ta labari tana dariya har da hawaye.

Ashe mai kayen ya biyo ta nan ma. Inna ta ce tana ganin takalminsa ta gane ba alheri ya kawo shi ba. Ya tambaye ta ko wani Habibu na haya a gidan, ta ce masa ɗakin nan na awaki ne, shekara da shekaru ba ɗan Adam da ya kwana a ciki. Ta ce mutumin akwai naci. Wai tun yaushe yake zaune, wai yana faɗa da maƙwabta, wai yana shaye-shaye, wai mutanen unguwa suna yabonsa.

Habibu na dariya yana shirin ba da nasa labarin, sai ya lura Zuwaira ba ta dariya. Ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali.

"Inna, ya tambayi kaya? Ya ce a buɗe masa ɗaki ya ga kaya?"

Inna ta ce a'a, shi dai hali yake ta tambaya.

Zuwaira ta juyo ta dubi Habibu. Bai taɓa ganin irin wannan kallon a idonta ba. Ta tambaye shi yaushe duwan suka fara damuwa da ko mutum na faɗa da maƙwabta. Nan take dariyar ta daskare a fuskarsa. Sai yanzu ya gane mai anket ne, ya zauna a kan turmi.

Ta ce to da sauƙi, tunda 'yan kasuwa sun san da maganar, su za su gyara abin da Inna ta ɓata. Ta ce ya faɗa musu, ko ba haka ba? Ya sunkuyar da kai. Ta ce to shi da mutumin ya same shi, me ya ce masa?

Da Habibu ya samu rami a tsakar gidan nan da ya shige. Amma ba ya iya yi mata ƙarya, ya zayyana mata komai, har da maganar bai taɓa wata guda a jere ba.

Zuwaira ta fara dariya, irin wadda ba ta daɗi ba, dariyar ta rikiɗe ta zama kuka. Inna Asma'u ta saki zogale ta kama salati.

"Habibu, shekara biyu ina tsaye tsakaninka da Baba," in ji ta. "An kira ni mai taurin kai, an kira ni wadda ta rasa mashinshini. Ƙawayena na goye da na uku, ni ina karɓar haihuwarsu. Ban taɓa jin kunyarka ba ko sau ɗaya. Kai kuwa kunyar Nura mai takalma ta hana ka buɗe baki ka ce kana so na."

Wannan maganar ta fi mari zafi, don gaskiya ce. Ya ce ta yafe masa. Ya ce wauta ce, ba rashin so ba. Ya rantse zai gyara ko da zai kwana a ƙofar ofishin. Ta share hawaye da gefen mayafi, ta ce ita ba ta san yadda ake gyara mutumin da ya ce ba shi ba ne. Ta ce in an rufe dosiyen nan ba za ta auri Alkasum ba, amma shi ma ba za ta aure shi ba, don ba za ta taka mahaifinta ta wuce ba. Haka za ta tsufa a Gidimuni tana yanke wa 'ya'yan mutane cibiya. Ta tashi ta fita, ko sallama ba ta yi wa Inna ba.

Ranar Litinin da sassafe Habibu ya sa babbar rigarsa ta sallah ya nufi ofishin da ya kai dosiye. Aka nuna masa ɗakin mai anket. Mushe Yunusa ya ɗago kai, ya ƙare masa kallo daga hula har takalmi.

"A'a, mai jiran shago. Mai gidanka ya dawo daga Kano?"

Habibu ya durƙusa. Ya ce ranka ya daɗe, shi ne Habibun. Mushe Yunusa ya ce ikon Allah, ranar Juma'a ba shi ba ne, yau Litinin shi ne, to Laraba wa zai zama? Ya ce tun ranar ya gane shi, ga hotonsa manne a dosiye, kunnuwan nan ba sa ɓoyuwa. Amma shi aikinsa ya rubuta abin da jama'a suka faɗa, kuma abin da ke kayensa shi ne: kasuwa ba ta san shi ba, mai gidan haya ta ce awaki ne a ɗakin, shi kuma mai neman zama ɗan ƙasa ya shaida da bakinsa cewa ba ya zama a ƙasar.

Habibu ya roƙi a ba shi zuwa azahar. Ya koma kasuwa ya tsaya a tsakiyar layi, ya cire kunya ya faɗi komai da ƙarfi: yana son Zuwaira 'yar Alhaji Modu, zai zama ɗan Nijar saboda ita, kuma mutumin da suka kora ran Juma'a shi ne mai anket. Ya jira dariya. Nura ya dafe kai, ya ce amma Habibu an yi sakarai, ai da ya faɗa da har kilishi za su ba mutumin. Dariyar dai an yi ta, amma a hanya, don layin gaba ɗaya aka rufe shaguna aka bi shi.

Zuwan nasu bai gyara komai ba. Suka cika ɗakin Mushe Yunusa kowa na rantsuwa. Mai shayi ya ce shekara ashirin yana haɗa masa shayi. Nura, don ya fi kowa, ya ce a gabansa aka haifi Habibu a nan Birni, shi ya riƙe ragon suna. Habibu ya yi ta taka masa ƙafa, ina, ya riga ya yi nisa.

Mushe Yunusa ya ajiye bik ɗinsa, wato alƙalamin tawada, ya bar su suka gaji. Sannan ya ce duk wanda ya yi masa ƙarya ran Juma'a, shaidarsa ta Litinin ba ta da amfani, balle ta yau ta fi ta Juma'a muni. Abu ɗaya zai iya yi, shi ma don ya ga abin wauta ne ba mugunta ba. A samo masa dattijo guda, ɗan ƙasa, mazaunin unguwar, wanda ba ɗan kasuwar nan ba kuma bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya ce ya tambayi mai unguwa wa ya fi kowa sanin mutanen lungun, wanda in ya yi magana ba a ƙara tambayar wani. An ba shi suna ɗaya.

Ya buɗe kaye ya karanta: Alhaji Modu.

Nura ya ce inna lillahi, ya fara ja da baya.

Washegari bayan la'asar aka hallara a zauren Alhaji. Mushe Yunusa na kan kujera da kaye a cinya. Habibu na rakuɓe a bakin ƙofa kusa da takalma, inda aka nuna masa. Alhaji na kan buzunsa yana jan carbi, fuska a murtuke. Alkasum, wanda ba wanda ya gayyata, ya baro biro tun kafin a tashi, ya zauna dab da kawunsa yana ƙamshin turare. Ta bayan ƙofar cikin gida kuwa ana jin motsin mutum biyu da jan hanci. Zuwaira ta nemi izini a wurin aiki ta ƙi komawa Gidimuni.

Alkasum ya karkato ya yi wa kawunsa raɗa, irin raɗar da har na waje ke ji. Ya ce ba sai Kawu ya wahalar da kansa ba, kalma ɗaya ce. Gari duka ya ce bai san shi ba, shi ma ya bi sahu, a rufe maganar kowa ya huta.

Habibu ya ji raɗar sarai. Gaskiya Alkasum ya faɗa. Tsohon nan ba sai ya zage shi ba, ba sai ya yi masa sharri ba. Ya ɗaga kafaɗa kawai, shi ke nan an raba shi da Zuwaira, kuma ba mai cewa Alhaji ya yi zalunci.

Mushe Yunusa ya yi bayanin abin da ya kawo shi, ya nuna Habibu da bik, ya tambaya ko Alhaji ya san wannan mutumin.

Alhaji ya ɗago kai daga carbinsa ya dubi Habibu. Jan hancin bayan ƙofa ya tsaya cak.

"Wannan?" in ji shi. "Ina ma ban san shi ba."

Daga nan ya ɓalle. Ya ce shekarar da aka yi ruwan da ya rusa katangar masallaci yaron nan ya sauka a lungun, da jaka ɗaya da rediyo mai ƙarar tsiya. Tun ranar bai huta ba. Kullum asuba yana sahun farko a bayansa, yana cewa amin da ƙarfi kamar shi kaɗai Allah zai ji. Da aka tashi gyaran katangar, shi ya hau ya jera bulo a karkace, sai da aka rushe aka sake. Shekarar da Ya Aisa ta kwanta ciwo, ba wanda ya aike shi, ya ɗauko ta a mota zuwa asibiti yana gudu kamar zai kashe su duka, ya kuma kwana uku a baranda yana damun likitoci da tambaya. Ko sallah in ya tafi Kano, kafin a gama cin naman layya ya dawo ya tsaya wa mutane a ƙofa da gaisuwa.

"Wai bai taɓa wata guda a jere ba. Ni da na roƙi Allah ya yi wata guda a wani wuri ko na sarara."

Bik ɗin Mushe Yunusa na ta gudu a kan kaye. Alkasum ya ce Kawu, a hankali. Alhaji ya ce ya rufe masa baki, shi bai kai shekarun nan yana faɗin gaskiya ba don ya zo ya yi ƙarya a kan mai robobi.

Mai anket ya tambaya ko ya taɓa jin an kama shi da sata, ko shaye-shaye, ko cin amana. Alhaji ya ce bai da wayon da zai yi ko ɗaya. Mutumin da aka zo ba shi ƙasa ya ce ba shi ba ne, wa zai iya cuta?

Habibu bai taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Hawaye na zubo masa, ya rasa ko ya share ko ya bar su.

Mushe Yunusa ya ce wannan ta wadatar, dosiye zai wuce Yamai. Sai dai ya gaya musu gaskiya, amsa daga can ba a sa mata rana. Tana iya zuwa baɗi, tana iya kai shekara uku, wani ma ya fi haka.

Alkasum ya washe baki. Daga bayan ƙofa kuka ya ɓarke, wannan karon ba ɓoyewa, ana jin Ya Aisa na rarrashi. Alhaji ya ɗan juya kai wajen ƙofar, hannunsa ya tsaya a kan carbi. Duk unguwa an san tsohon nan yana iya jure komai ban da kukan Zuwaira.

Mai anket ya ce saura tambaya ɗaya ya rufe. Dole a rubuta matsayin mai shaida a wurin wanda ya yi wa shaida. Maƙwabci ne, ko abokin ciniki, ko dangi?

Alkasum ya yi caraf ya ce maƙwabci mana. Mushe Yunusa ya ce ba shi ya tambaya ba.

Alhaji ya dubi Habibu, wanda ke durƙushe cikin takalman mutane da rigar sallah da hawaye shaɓe-shaɓe. Ya yi tsaki. Ya sake duban ƙofar cikin gida. Ya ja dogon numfashi kamar wanda za a cire wa haƙori.

"Rubuta suruki," in ji shi. "Amma da fensir."

Mushe Yunusa ya juya abin rubutunsa ya nuna masa. Ya ce su ba sa aiki da fensir, bik ne kawai, in an rubuta ba ya goguwa.

Kukan bayan ƙofa ya ɗauke. Alhaji Modu ya gyara zama a kan buzunsa, ya mayar da ido kan carbi, ya ci gaba da ja.

"To me kake jira? Rubuta."